Ba duk jarumin da ya mutu ya dawo ne siffar Almasihu ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sharhin labaran al'ajabi na Turawa, wato irin littattafan da ake ƙaga wata duniya daban mai dodanni da matsafa da dabbobi masu magana. Da zarar jarumi ya faɗi matacce a tsakiyar labari, sannan ya sake ɓullowa a gaba, sai ka ji an ce ai wannan siffar Yesu Almasihu ce. Da wannan mudun aka auna Aslan, zakin ƙasar Narnia, da shi aka auna Gandalf da Frodo da Aragorn na labarin zoben Tolkien, The Lord of the Rings, kuma duk aka ce sun cika. A ganina mudun ya yi faɗi da yawa. Cikin huɗun nan ɗaya ne kawai marubucinsa ya gina shi don ya zama Almasihu, sauran ukun kuwa marubucinsu da gangan ya hana su zama hakan, kuma Kiristancin littafinsa yana wani wuri da mai gaggawa ba ya dubawa.

Maganar tana da nauyi saboda kuskuren yana cutar da mutum uku. Kirista mai karatu yana rasa abin da ya bambanta labarin gicciye da sauran labaran jarumta, tunda an mayar da kowace sadaukarwa daidai da ita. Musulmi mai karatu, ko uban da yaransa ke kallon finafinan da aka yi daga waɗannan littattafai, yana faɗawa ɗayan rami biyu: ko ya ɗauka duk tarkon wa'azi ne ya haramta su gaba ɗaya, ko ya ɗauka tatsuniya ce zalla ya kasa ganin inda akwai aƙida a fili. Na uku shi ne matashin marubuci, wanda zai koyi cewa kashe jarumi da tayar da shi dabara ce mai araha.

Tushen maganar yana Oxford. C. S. Lewis, marubucin Narnia, haifaffen Belfast a 1898, ya bar addini tun yana ɗan makaranta, ya daɗe yana ganin Kiristanci almara ce kamar sauran almarar mutanen da. J. R. R. Tolkien, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1892, ɗan Katolika ne na gaske tun yarinta. A wani dare cikin Satumbar 1931 su biyu da abokinsu Hugo Dyson suka yi ta zagaya wata hanyar itatuwa a kwalejin Magdalen suna muhawara har tsakar dare ta wuce. Hujjar da Tolkien ya kafa ita ce: kai Lewis, idan ka karanta labarin Balda, allan mutanen arewacin Turai da aka kashe, zuciyarka tana motsawa ba ka tambayar ma'anarsa, to me ya sa idan ka zo kan Bishara sai ka rufe wannan ƙofar? Bayan 'yan kwanaki Lewis ya karɓi Kiristanci, kuma ya rubuta wa wani abokinsa cewa labarin Almasihu almara ce da ta faru da gaske.

A lura da abin da wannan hira ta nuna. Su kansu mutanen biyu sun san cewa labarin wanda ya mutu ya dawo ya girmi Kiristanci kuma ya fi shi yaɗuwa. Masarawan da suna da Osiris, Girkawa suna da Adonis. Ke nan mutuwa da dawowa kaɗai ba ta isa shaida ba. Wanda yake so ya gwada ko wani jarumi siffar Almasihu ne bisa fahimtar Kiristoci, sai ya yi tambayoyi masu tsauri. Shin shi wanda ya mutun ba shi da laifin komai a bashin da ake biya? Da saninsa da yardarsa ya tafi, ko yaƙi ne ya rutsa da shi? Mutuwar ta fanshi wani mai laifi ne har ta sauya dokar duniyar labarin, ko dai ta ba abokai damar gudu kawai? Sannan tambayar da aka fi mantawa da ita: shi wane ne a wannan duniya, mahaliccinta ne ko ɗaya daga cikin bayin da ke cikinta?

A ɗora Aslan a kan wannan sikeli. A littafin farko na Narnia, The Lion, the Witch and the Wardrobe, wanda ya fito a 1950, yara huɗu 'yan gida ɗaya suka shiga wata ƙasa ta cikin kabad ɗin rataye tufafi. Farar Mayya ta riƙe ƙasar cikin hunturu shekara ɗari. Ɗaya daga cikin yaran, Edmund, ya sayar da 'yan uwansa saboda alawar Turkiyya da alkawarin sarauta. Littafin babi 17 ne, kuma duk nauyinsa yana kan babi na 13 zuwa na 15. A na 13 Mayya ta zo da ƙara, kuma ƙararta tana bisa doka. Akwai wani tsohon asiri da aka rubuta a jikin Teburin Dutse tun farkon zamani, wanda ya ce duk maci amana rabonta ne, jininsa halalinta ne, idan kuma aka hana ta, ƙasar za ta halaka cikin wuta da ruwa. Aslan bai ce ƙarya take yi ba. Dokar ta mahaifinsa ce, babban Sarkin da ke hayin teku, don haka ba zai taka ta ba. Sai ya keɓe da ita suka yi ciniki, ta saki yaron.

A babi na 14 aka ga farashin. Da dare Aslan ya fita a hankali, kansa a sunkuye, 'yan matan biyu Susan da Lucy suka bi shi, ya ce su ɗora hannuwansu a gezarsa don yana jin kaɗaici. A wajen Teburin ya miƙa kansa ba tare da ya ɗaga farce ba. Aka ɗaure shi da igiyoyi, aka aske masa geza, aka sa masa takunkumi, ana yi masa ba'a ana tofa masa yawu, sannan Mayya ta soke shi da wuƙar dutse. Duk wanda ya san surorin ƙarshe na Matiyu da Markus da Luka zai gane kowane mataki: baƙin cikin lambun Getsamani, shirun da Ishaya 53 ya kwatanta da na tunkiya a gaban masu sausaya, ba'ar sojoji, da matan da suka tsaya suna kallo bayan maza sun watse. Da asuba ɓeraye suka cinye igiyoyin, Teburin ya tsage biyu, kamar yadda Bishara ta ce labulen Haikali ya tsage, kuma 'yan matan nan ne suka fara ganinsa a raye. Bayanin da ya ba su shi ne akwai wani asiri da ya fi na Mayya zurfi, wanda ya riga farkon zamani: idan wanda bai ci amana ba ya yarda aka kashe shi a madadin maci amana, Teburin zai fashe, mutuwa kuma ta fara komawa da baya.

Duk tambayoyin huɗu sun samu amsa. Ba shi da laifi, ya tafi da yardarsa, ya fanshi mai laifi, dokar duniyar ta sauya. Game da ta huɗun kuwa, littafin The Magician's Nephew na 1955 ya nuna shi yana rera waƙa cikin duhu taurari suna fitowa, na ƙarshe kuma, The Last Battle na 1956, ya nuna shi a bakin ƙofa halittu suna rabuwa dama da hagu. Shi ya buɗe duniyar, shi ya rufe ta.

Wani abu da masu sharhi da yawa ke tsallakewa shi ne wa aka biya fansar. A Narnia, Mayya aka biya, kuma ta yi asara ne saboda iliminta ya tsaya a farkon zamani bai wuce baya ba. Wannan tsohuwar fahimta ce a Ikilisiya, wadda ta jingina da Markus 10:45 inda aka ce Ɗan Mutum ya zo ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Gregori na Nisa, a ƙarni na 4, ya kwatanta ta da ƙugiyar da aka ɓoye cikin tana: Shaiɗan ya haɗiyi abin da ya zata nama ne, ƙugiya ta kama shi. Daga baya, wajen 1098, Anselm na Kantabari ya ƙi wannan bayani, ya ce Shaiɗan ba shi da haƙƙin da za a biya shi, bashin na darajar Allah ne. Yawancin wa'azin da ake ji a coci yau ya fi kusa da layin Anselm. Lewis ya ɗauki tsohon hoton domin shi ne ya fi zama labari, yana da abokiyar gaba da ciniki da juyin ba-zata, amma ya ɗaure shi da dokar Sarkin hayin teku don kada a ce Mayya ce mai iko. Malamin da ya ɗauki babin nan ya koyar da shi a matsayin cikakkiyar aƙidar fansa zai rikita yara, domin hoto ɗaya ne daga cikin hotuna da dama.

Lewis kansa ya ƙi a kira littattafan da sunan labarin misali, irin wanda kowane mutum a ciki yake tsaye a madadin wata ma'ana. Shahararren wannan nau'i a Turanci shi ne The Pilgrim's Progress na John Bunyan, 1678, inda sunan matafiyin ma Kirista, kuma akwai ƙaton da sunansa Yanke Ƙauna. A wata wasiƙa ta 1958 Lewis ya bayyana cewa nasa aikin na “mu ƙaddara” ne: mu ƙaddara akwai wata duniya ta dabbobi masu magana, mu ƙaddara tana bukatar ceto, to da wace siffa Ɗan Allah zai shigo ta, kuma me zai faru? Bambancin yana da amfani a aikace. Shi ya sa Aslan dare ɗaya ya yi a mace maimakon kwana uku, shi ya sa yaro ɗaya ya fansa, shi ya sa babu gicciye. Wanda ya zauna yana neman wane ne Bilatus, wane ne Bitrus a Narnia zai ɓata lokacinsa. Edmund ma ba Yahuza ba ne, tunda ya tuba ya hau gadon sarauta.

To Lewis ya ɓoye manufarsa ne? Nan ne nake ganin ya kamata a yi adalci ta ɓangarori biyu. Ya ce labarin ya faro ne daga hotuna a kansa, musamman na wata halitta rabi mutum rabi akuya riƙe da lema cikin dusar ƙanƙara, wanda yake ɗauke da shi tun yana ɗan shekara 16, zakin kuma daga baya ya shigo. Amma a wata maƙala ta 1956 ya faɗa ƙarara cewa ya lura tilasta wa yaro ya ji tsoro da girmamawa a coci yana daskarar da zuciya, kuma labari zai iya lallaɓawa ya wuce masu gadin. Wannan niyya ce ta isar da addini, babu amfanin musun ta. Sai dai bai rufe ta da bargo ba. A ƙarshen The Voyage of the Dawn Treader na 1952 yaran suka tarar da ɗan rago fari kusa da wuta ana gasa kifi, kamar yadda yake a Yahaya 21, ɗan ragon ya rikiɗa ya zama zaki, ya ce musu a duniyarsu yana da wani suna kuma dole su san shi da wannan sunan. Zaki da ɗan rago a wuri ɗaya hoton Wahayin Yahaya sura ta 5 ne. Mutumin da ke son yaudara ba ya rubuta irin wannan shafi.

Ga masu sha'awar rubutu, akwai darasin sana'a a nan. Jarumin da ba shi da aibi kuma ba a iya cin sa da yaƙi yana kashe labari, domin babu fargaba. Lewis ya kauce wa wannan ta hanyar rowa da Aslan. Ba a ambaci sunansa ba sai babi na 7, ba a gan shi ba sai na 12. Ba a taɓa shigar da mu cikin tunaninsa ba, kullum ta idon yaro mai tsoro ko mai kunya muke ganinsa. Yana zuwa ya tafi ba da izinin kowa ba, kuma an nanata cewa shi ba zakin gida ba ne. Masu kwaikwayon da suka mayar da irin wannan jarumi abokin tafiya na kullum, mai jawabi a kowane shafi, sun ƙare da mai wa'azi sanye da fatar dabba.

Tolkien bai ji daɗin Narnia ba, kuma hanyarsa daban ce tun daga tushe. Mahaifiyarsa ta shiga Katolika a 1900, dangi suka juya mata baya, ta rasu a 1904 yana ɗan shekara 12, wani limamin coci a Birmingham, Fada Francis Morgan, ya riƙe shi. Addini a wurinsa abu ne da aka biya da tsada. A Disambar 1953, kafin The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, ya rubuta wa wani limami abokinsa cewa aikin a asalinsa na addini ne kuma na Katolika, da farko ba da saninsa ba, amma da saninsa a lokacin gyara. Ya ƙara da cewa saboda haka ne ya cire kusan duk abin da ya shafi ibada a fili. Haka kuwa yake. Ka karanta shafuka sama da dubu ba ka ga ɗakin ibada ko limami a ɓangaren mutanen kirki ba. Abin da ya fi kusa shi ne inda wani jarumi, Faramir, da mutanensa suke fuskantar yamma su yi shiru na ɗan lokaci kafin cin abinci. Duniyar labarin an ajiye ta ne a wani zamani mai nisa kafin zuwan Almasihu, don haka babu yadda za a yi ya kasance a cikinta.

Gandalf, tsohon mai sihirin da ke jagorantar tafiyar, shi ne aka fi jingina wa lambar, saboda ya faɗi a gadar Moriya yana tare wa abokansa dodon wuta, ya mutu a kan tsauni bayan ya kashe shi, sannan bayan kusan kwana ashirin ya dawo cikin fararen kaya. A gwada shi. Bai je don ya mutu ba, faɗa ne ya same shi a hanya. Mutuwarsa ba ta biya bashin kowa ba, dokar duniya ba ta motsa ba. Da bakinsa ya ce aiko shi aka sake yi har ya gama aikinsa, ke nan akwai mai aike a samansa. Kuma ɗaya ne cikin biyar irinsa, wanda shugabansu Saruman ya lalace, abin da ke nuna shi ma yana iya lalacewa. Shi ya sa da Frodo ya miƙa masa zoben, wato zoben mugun iko da dole a jefa cikin wutar wani dutse don a halaka shi, ya ƙi karɓa cikin firgici. Tolkien a wasiƙunsa ya kira irinsu mala'iku da aka sa wa jiki. Ma'aiki ne mai biyayya da aka ƙara wa matsayi.

Aragorn ya fi sauƙi. Sarki ne da ya daɗe a ɓoye, ya bi ta hanyar matattu ya fito da runduna, ya shiga birni ya warkar da Faramir da Eowyn da Merry da wani ganye da masana suka raina, har tsohuwar magana ta tabbata cewa hannun sarki hannun mai warkarwa ne. Akwai ƙamshin Bishara a nan, amma akwai kuma tsohuwar al'adar sarakunan Ingila da Faransa ta taɓa marasa lafiya. Bai mutu don kowa ba. Ya yi aure, ya haihu, ya yi mulki, ya rasu yana da shekara 210.

Frodo, mai ɗauke da zoben, shi ne wurin da maganar ta fi daɗi, kuma nan ne masu saurin raba lamba suka fi yin ɓarna. Gaskiya ne ya ɗauki nauyin da ba shi ya jawo ba, da yardarsa, nauyin yana ƙaruwa yana hawan dutse, har abokin tafiyarsa Sam ya goya shi kamar yadda Saminu Bakurane ya ɗauki gicciye. Amma a bakin ramin wutar, bayan duk wahalar, Frodo ya kasa. Ya ce ba zai jefa ba, zoben nasa ne, ya sa shi a yatsa. Abin da ya ceci duniya shi ne Gollum, halittar da zoben ya riga ya cinye, wanda ya ciji yatsan ya gutsure, yana murna ya zame ya faɗa wutar. Babu Kiristan da zai yarda a ce siffar Almasihu ta faɗi jarrabawa a matakin ƙarshe. Wanda ya kira Frodo da wannan suna ko bai karanta babin ba, ko bai san aƙidar ba.

Kiristancin wurin yana cikin dalilin da ya sa Gollum yake raye har ya kai wannan rana. Shekara 78 kafin nan Bilbo, ɗan uwan Frodo da ya riƙe zoben kafinsa, ya same shi a duhu, takobi a hannu, ya tausaya masa ya ƙyale shi. Frodo, wanda da farko ya ce da ma an kashe shi, da ya gan shi ido da ido shi ma ya ƙyale shi. Sam, wanda ya tsane shi, ya ɗaga takobi a gindin dutsen ya kasa saukewa. Sau uku aka yi jinƙan da hankalin yaƙi zai kira wauta, kuma jinƙan nan ne ya cike gurbin da ƙarfin jarumi ya gaza. Tolkien da kansa ya danganta wurin da roƙon nan na Addu'ar Ubangiji, na neman gafara kamar yadda ake gafarta wa wasu da neman kada a kai mutum ga jarraba. Koyarwar ita ce akwai jarrabawar da ta fi ƙarfin ɗan Adam komai nagartarsa, kuma ceto alheri ne da ke zuwa daga waje. Frodo hoton mai bi ne da ya ba da duk abin da yake da shi, bai isa ba, aka cika masa. Ko bayan nasara bai warke ba, raunin kafaɗarsa yana tashi duk shekara, har ya bar ƙasar da ya ceta ya haye teku.

Tolkien ya bar alamu ga mai lura. Ayarin mutum tara da ke tafe da zoben ya bar garin Rivendell ranar 25 ga Disamba, zoben ya halaka ranar 25 ga Maris. A kalandar Ikilisiya 25 ga Maris ita ce ranar da mala'ika ya yi wa Maryamu albishir, kuma a tsohuwar al'adar Turai ana ɗaukar ta ranar gicciye. A maƙalarsa kan tatsuniyoyi, wadda ta samo asali daga laccar da ya gabatar a jami'ar St Andrews a 1939, ya ƙirƙiri kalma don juyin alheri na ba-zata da ke zuwa lokacin da an fid da rai, ya ce tashin Almasihu shi ne mafi girman irinsa. Wasu masana, irin su Peter Kreeft, sun ce an raba muƙamai uku na Almasihu ne tsakanin mutum uku: annabci ga Gandalf, firistanci ga Frodo, sarauta ga Aragorn. Karatu ne mai kyau idan an fahimce shi a matsayin haske da ya faɗo kan mutane uku. Idan aka mayar da shi lissafi, cewa ukun a haɗe sun ba da Almasihu ɗaya, an saɓa wa marubucin da ya rubuta a gabatarwar bugu na biyu cewa ya tsani labarin misali, kuma ya bambanta 'yancin mai karatu na ɗauko darasi da mulkin marubuci na tilasta ma'ana.

Akwai inda Narnia take da tabo, kuma mai karatu daga wannan yanki namu zai gan shi tun kafin Bature ya gani. A kudu da Narnia, bayan hamada, Lewis ya ajiye daular Calormen: mutane masu duhun fata, masu rawani da lanƙwasassun takubba da dogayen gaisuwa, masu cinikin bayi. Addininsu ba Musulunci ba ne, gumaka suke bauta wa, babbansu Tash mai kan tsuntsu da hannu huɗu. Amma kayan jikinsu daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗebo su, kuma yaro ba ya tantance aƙida, rawani yake gani a kan mugu. Masu kare Lewis suna nuna Aravis, yarinyar Calormen da ta zama jaruma kuma sarauniya a The Horse and His Boy na 1954, da Emeth, sojan da ya bauta wa Tash da zuciya ɗaya, wanda Aslan ya karɓa ya ce duk aikin kirkin da ya yi da sunan Tash shi aka yi wa. Wannan ya rage tabon, bai goge shi ba. Shafin Emeth ma ya dami wasu Kiristoci, saboda mutum ya tsira ba tare da ya san sunan mai ceto ba, kuma wanda ba Kirista ba yana iya jin cewa karamcin ya zo da sharaɗin a fassara masa ibadarsa da harshen wani.

Ga gidan Musulmi, wurin saɓanin a bayyane yake, kuma gara a kira shi da sunansa. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, kuma a Suratul An'am aya ta 164 da wasu wurare ya ce babu rai da ke ɗaukar nauyin wani. Babi na 13 zuwa 15 na littafin farko na Narnia an gina su ne a kan akasin wannan. Uban da ya bar ɗansa ya karanta ko ya kalli fim ɗin 2005, abin da ya dace shi ne ya zauna da shi a kan waɗannan babi uku, ya ce masa wannan shi ne abin da maƙwabtanmu Kiristoci suka gaskata game da Yesu, ga kuma abin da mu muka gaskata. Yaron zai fita da sanin addininsa da na abokin ajinsa, wanda a garuruwa irin Kaduna da Jos ba ƙaramin amfani ba ne. Labarin zoben kuwa bai ɗora wannan nauyi ba. Abin da ke cikinsa, jinƙai ga wanda bai cancanta ba, tsoron abin da mulki ke yi wa zuciya, da yarda cewa akwai hannun da ke juya al'amura a bayan dabarar mutane, Musulmi zai karanta ya gane su ba tare da ya haɗiyi aƙidar da ba tasa ba. Uba Kirista shi ma yana da aiki: ya nuna wa ɗansa inda Aslan ya bambanta da Bishara, kada dare ɗaya da Teburin Dutse su maye gurbin abin da ke rubuce.

Bambancin zai fi fitowa ga duk wanda ya yi niyyar juya waɗannan littattafai zuwa Hausa. Mun taɓa yin irin wannan aiki. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo asali ne daga labarin Ilya Muromets na Rashawa, gurgun da baƙi suka warkar ya zama barden Sarki Vladimir na Kiev, wanda cocin Otodoks ke lissafa shi cikin waliyyai. A Hausa ya zama Iliya na Sarki Waldima a birnin Kib, kuma labarin ya zauna daram, domin Kiristancin da ke cikinsa riga ce da za a iya sauyawa. Labarin zoben ma zai jure fassara ba tare da an taɓa komai ba, tunda marubucin ya riga ya cire alamun ibada da hannunsa. Narnia ba za ta yarda da wannan ba. Idan mai fassara ya cire mutuwar madadi don ya kauce wa rigima, Edmund ba shi da hanyar tsira, Mayya ba ta da dalilin faɗuwa, babi uku sun rushe sun ja sauran. Zaɓinsa biyu ne kawai: ya fassara shi yadda yake, ya rubuta a gabatarwa wane ne Lewis da abin da zakin yake nufi a wurinsa, ko ya bar littafin ya nemi wani.